Kiɗan Ƙwaryar da Aka Hana Gwaggo Kande

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Badamasi mai sayar da taki a Kurfi, kuma ta wajen madafi katangar ba ta wuce ƙirjina ba. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Wani na gani da idona, wani kuma kunnena ya ɗauka ko ina so ko ba na so. Na daɗe ina haɗiye shi ya ƙi wucewa, shi ya sa na ce bari in amayar.

Mahaifiyar Badamasi, Gwaggo Kande, tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin baki. Ba ta taɓa ganin tuwona ba tare da ta ce da gudaji a ciki ba, kuma ba ta taɓa barin ko loma a kwano ba. Da damina ta yi nisa cikinta ya kumbura, bayan gida ya tsaya, amai ya ƙi tsayawa. Aka kwashe ta zuwa asibiti a Dutsin-Ma. Likita ya duba ya ce hanji ne ya naɗe, sai an yi aiki a ranar. Matar Badamasi, Fauziyya, tana da ɗanyen goyo, ni ce na bi su don in zauna jinya.

Matar da ko allura ba a taɓa yi mata ba, aka ce za a tsaga cikinta. Jikinta ya ɗauki rawa har gadon na ƙara. Aka auna jininta aka ga ya hau, aka jira, aka sake aunawa ya ƙara hawa. Sau biyu tana zuro ƙafa ƙasa wai za ta koma gida. Ana cikin haka wata ma'aikaciyar jinya, Sista Na'ima, ta zo da 'yar ƙaramar rediyo irin mai memori ɗin nan, ta jawo kujera ta zauna a gefen gado kamar ba ta da wani aiki.

"Gwaggo, da kina budurwa, wane kiɗa ne in kin ji ƙafarki ba ta iya zama?"

Gwaggo Kande ta harare ta. "Ke ɗiyar nan, mutuwa nike kallo kina tambaya ta kiɗi?"

"To ai mutuwar ma ba ta hana amsa tambaya."

Gwaggo ta yi tsaki, ta juya kai, sannan can ƙasa-ƙasa ta ce, "Ƙwarya."

Sista Na'ima ta yi ta dannawa har ta samo wani tsohon kiɗan ƙwarya na matan ƙauye, irin wanda ake yi a tsakar gida ranar buɗar kai. Ta rage sautin ta ajiye rediyon kusa da kunnenta. Da fari ba abin da ya canza. Can sai na ga yatsun Gwaggo sun fara taɓa ƙarfen gado. Ta saurara, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wagga mai bugun hannunta ya mutu. Da a garinmu Tamawa ne da an amshe mata ƙwaryar." Muka yi dariya, ita ma ta yi. Da aka sake aunawa jinin ya sauka, aka tura ta ɗakin tiyata da rediyon a gefen matashinta.

An yi aiki lafiya, sai dai wani sashe na hanjin ya riga ya mutu. Likita ya yanke shi, ya fito da bakin hanjin ta gefen cikinta, aka manna wata jaka a wurin da bayan gida zai riƙa zuba. Ya ce ba haka za ta dawwama ba. In ciki ya warke, ta ci abinci ta yi ƙarfi, hankalinta ya zauna, za a dawo da ita a mayar da hanjin a ɗinke ramin.

Hankalin ne ya fara ba mu tsoro. Da safe lafiya lau, amma da rana ta karkata sai ta rikice. Ta ce an kawo ta kasuwa an bar ta. Ta kira Badamasi da sunan wanta da ya rasu tun ba a haifi Badamasin ba. Ta kai hannu ta fizgi jakar. Sista Na'ima ta tara mu ta yi mana bayani da Hausar da ko yaro zai gane. Ta ce tsofaffi da yawa haka suke yi bayan babban aiki da allurar barci, ba hauka ba ne, kuma yakan wuce in an lallaɓa. A bar ta cikin haske, ta riƙa ganin fuskokin da ta sani, a riƙa gaya mata yau wace rana, kada a yi mata tsawa. Bayan asuba Sista takan sa mata karatun Alƙur'ani a hankali, Gwaggo ta yi lamo tana bi da leɓe. Da yamma kuwa, lokacin rikicewar, sai ƙwarya.

Na ga abin da idona. Kiɗan zai fara, numfashinta ya daidaita, sai ta kama wata waƙa ta ƙuruciyarta:

"Gero ya yi kai a gonar baba,
tsuntsu tashi, na 'yan mata ne."

Daga waƙar sai ta tuna wadda ta koya mata. Daga nan ta tuna bikin da aka rera ta, ta tuna mijinta, ta lissafo 'ya'yanta har ta iso kan Badamasi, ta dube shi ta ce, "Kai kuma mi ka tsaya yi nan, wa ka bar ma shago?" Ranar Badamasi fita ya yi waje yana share ido.

A irin wannan lokacin da hankalinta ke garau ne ta riƙo hannuna ta ce, "Hawwa'u, ni ba mutuwa nike tsoro ba. In mutu da ƙazanta bisa cikina, masu wanka su buɗe su gani, shi nike tsoro. An ce min sallata ta yi ko da jakar, na ji, amma raina bai kwanta ba. A maida min hanjina in yi alwala kamar kowa. Daga nan ko gobe Allah Shi ɗauke ni." Na ce mata in sha Allahu za a mayar. Wannan ne kaɗai abin da take roƙo, kuma da shi take tilasta wa kanta shan kunu ko ba ta so.

Da aka sallame mu Sista Na'ima ta tura kiɗan a memori ta ba Badamasi, ta maimaita masa komai. Kada in ci haƙƙinsa, da kansa ya tsaya a kasuwar Dutsin-Ma ya sayo rediyo sabuwa. Badamasi yana son uwarsa, duk Kurfi an shaida. Da maƙiyinta ne da abin bai yi mini ciwo haka ba.

Kwanakin farko a gida sauƙi ya yi ta samuwa. Badamasi yana shago har bayan magariba, bai cika ganin lokacin rikicewar ba. Wata rana ya dawo da wuri, daidai almuru, ya tarar Gwaggo tana fizge-fizge tana cewa a fitar da awaki daga ɗakinta. Fauziyya ta kunna rediyo kamar yadda ta saba. Nan take tsohuwa ta lafa. Ta lumshe ido, ta fara kaɗa kai, yatsunta na buga gefen gado, muryarta ta fito siririya ba irin wadda ya sani ba. Ina leƙe ta katanga na ga fuskarsa ta canza. A asibiti ya ga haka ya yi kukan daɗi, amma can akwai fararen kaya da ƙamshin magani. Nan kuwa a ɗakin uwarsa ne, da almuru, sai ya tuna abin da ya fi so ya manta. Goggon da ta riƙe Gwaggo Kande a Tamawa 'yar bori ce, da ƙwarya ake yi mata kiɗa in za ta hau. Gwaggo Kande ba ta taɓa shiga ba, amma Badamasi ya sha gori a kai tun yana yaro.

Washegari ya zo da Malam Ɗayyabu, mai maganin aljanun nan da ke kafa lasifika ranar kasuwa da kwalabe jere a kan tabarma. Malam ya ce a jira yamma. Da Gwaggo ta fara rikicewa ya ce a kunna. Ta lafa. Ya ce a kashe. Jim kaɗan ta fara lalube-lalube tana kuka. Ya ce a sake kunnawa. Ta sake lafawa. Ya juya ya dubi Badamasi yana murmushi.

"Alhaji, kai ma mai hankali ne. Ciwo na da kunne? Ka taɓa ganin zazzaɓi ya sauka don an bugi ƙwarya? Waɗanga aljanu ne, gadonsu ta yi a dangi. Sun daɗe suna jiran jikinta ya yi rauni, da aka tsaga ta suka samu ƙofa. Ba ka ga da almuru suke tashi ba? Ku kuwa kun zauna kuna ba su abincinsu kullum, yaushe za su tahi?"

"To Malam, mi za a yi?"

"Yunwa za a sa musu. Kada ta ƙara jin kiɗi ko na tallar wayar hannu. A rufe taga, a riƙa turara wanga hayaƙi. Za ka ga ta ƙara birkicewa, kada ka tsorata, su ne ke shan wuya ba ita ba. In ka ji tausayi ka kunna, aikin ya koma farko."

Da Malam ya fita na yafa mayafi na zagaya. Na samu Badamasi a tsakar gida yana zare memorin daga rediyo.

"Badamasi, kai fa aka yi wa bayani a asibiti. Ba kai ka yi kuka ba ranar da ta gane ka?"

"Yaya Hawwa'u, ni ma sun ruɗe ni ne. 'Yan asibiti jiki suka sani, ba su san wanga fanni ba."

"To ka bar mata hasken taga mana. Ka sa mata karatu a hankali kamar yadda Sista take yi."

"Malam na da nashi tsarin. Uwata ce, Yaya. Kina ganin zan so ta cika da kiɗin bori a kunne? Gara ta sha wuya nan da ta sha can."

Ya jefa memorin a murhu. Na tsaya ina kallon abin yana narkewa, raina ya yi baƙi ƙirin.

Daga ranar gidan ya zama wani abu dabam. Da la'asar ta yi sai kuka ya tashi. Ba kukan ciwo ba, kukan mutumin da ya ɓace ne yana kiran wanda zai nuna masa hanya. Ta kira uwarta, ta kira mijinta, wani lokaci ta kira ni. Sai Malam Ɗayyabu ya iso da hayaƙinsa mai shaƙe maƙogwaro, ya rufe ƙofa, ya yi ta daka mata tsawa a kunne yana cewa su faɗi sunansu. Ni na san karatun Alƙur'ani waraka ne, na ga yadda yake kwantar da ita a asibiti. Amma abin da nake ji ta katanga tsawa ce da barazana, a kan tsohuwar da ba ta san inda take ba.

Ta daina cin abinci. Fauziyya ta gaya wa mijinta, ya ce Malam ya ce su ne suka ƙi ci, kuma alama ce mai kyau. Gwaggo ta fara fizge jakar tana jefarwa, ƙazanta ta ɓata shimfiɗa, fatar gefen ramin ta saɓule ta yi ja. Aka ce ai aljanu ƙazanta suke so. Aka ɗaure hannayenta da ɗankwali a jikin gado. Ta kwance da haƙori, aka koma igiya. Duk abin da ya ƙara lalacewa, akwai amsarsa a shirye, kuma amsar kullum ita ce aiki na ci.

Na je wurin limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin hali. Ya kira Badamasi ya ce masa addu'a da magani ba su taɓa faɗa ba, ya mayar da uwarsa wurin waɗanda suka yi mata aiki su duba. Badamasi ya durƙusa ya ce to. Da ya fito ya ce wa mutane Liman ya tsufa, bai san zamani ya zo da shaiɗanu masu taurin kai ba. Na yi wa maigidana magana, ya ce, "Hawwa'u, uwar wani ce. In ta mutu a hannunki mi za ki ce?"

Wata rana da yamma ina wanke-wanke a gindin katanga, kukan ya tashi kamar kullum. Ɗakin Gwaggo yana jingine da katangar, tagar a rufe amma katako ne mai tsaga. Ƙwaryar da nake auna gari da ita tana hannuna. Ban yi wani dogon tunani ba, na kifa ta a kan ruwan baho na fara bugawa da yatsu. Ni ba gwana ba ce, abin da kunnena ya riƙe a asibiti shi na bi. Na yi ta yi. Kukan ya ragu, ya koma shessheƙa, ya tsaya. Shiru ya yi tsawo har na tsorata. Sai na ji murya ta tsagar taga, a dishe:

"Hawwa'u? Ke ce? Allah wadan wanga hannu. Ba haka ake bugu ba, ki riƙa sakin na hagu."

Na yi dariya hawaye na zuba cikin ruwan wanke-wanke. Fauziyya ta leƙo ta katanga ido waje, na yi mata alama da hannu. Yarinyar nan ta ruga ta damo kunu, ta kwance igiyar, Gwaggo ta sha rabin kofi ina bugawa. Ta tambayi wace rana ce. Ta tambayi wa ya ɗaure ta, Fauziyya ta ƙara miƙa mata kofin. Sannan ta ce, "Yaushe za a maida ni a ɗinke ramin?"

Muka mayar da shi aikinmu, ni da Fauziyya, ba tare da mun taɓa zama mun shirya ba. Da Badamasi ya koma shago bayan la'asar sai in ɗauko baho. Ita kuma ta buɗe taga, ta kwance hannayen, ta kawo abinci. Kafin Malam ya iso an mayar da komai yadda yake. Gwaggo ta fara zama da kanta. Ta fara cin tuwo da miyar kuka, har ta aiko a gaya mini wai ta ji ƙamshin miyata kuma daddawa ta yi yawa. Badamasi ya ga sauƙi ya yi murna, ya kai wa Malam Ɗayyabu buhun masara na godiya. Ban damu ba, ko wa za a gode wa a gode masa, in dai za ta kai ranar aiki da ƙarfinta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji masu magana, ko da ƙaryar ta ceton rai ce. Wata Laraba hadari ya taso, Badamasi ya rufe shago da wuri. Ya shigo ya tarar da taga a buɗe, uwarsa zaune tana tafi a hankali tana rera waƙar gero, sautin ƙwarya na fitowa daga gidana. Na ji ƙarar mari, na ji Fauziyya ta fashe da kuka, jaririnta ya kama. Daga nan Badamasi ya wuce wurin maigidana.

Malam Ɗayyabu ya ce yanzu ya gane dalilin da suka ƙi fita, ashe maƙwabciya ce ke miƙa musu abinci ta katanga. Ya ce sauƙin da aka gani ba sauƙi ba ne, ƙoshi ne. Maganar ta zaga unguwa kafin gari ya waye. Matan da muke gaisawa shekara da shekaru suka fara janye 'ya'yansu in na wuce. Wata ta tambaye ni a gidan suna, tana dariya, wai tun yaushe na fara hawa. Maigidana ya ce in ya ƙara jin ƙwarya ta yi ƙara a gidansa in tattara in tafi gidanmu.

Ko da bai hana ba, an riga an gama da ni. Badamasi ya ɗauke uwarsa daga ɗakinta ya mayar da ita ɗakin da yake ajiye buhunan taki, can ƙarshen gida kusa da zaure. Ɗaki ne marar taga, mai ƙofar ƙarfe. Ya sa kwaɗo ya riƙe mabuɗin, sai ya dawo ake buɗewa a ba ta abinci a canza jaka. Ya ce ba don mugunta ba ne, don a kare ta ne daga masu son ta da sharri. Rannan da maigidana ya fita na kifa ƙwarya na buga da dukkan ƙarfina har yatsuna suka kumbura. Sautin bai kai ba.

Kukan yana isowa gidana sama-sama, daga nesa. Kwanaki suka yi ta wucewa yana raguwa. Ta daina kiran sunaye, sai wani nishi mai tsawo. Daga baya nishin ma ya ɗauke. Fauziyya ta gaya mini ta katanga, tana waige-waige, cewa yanzu ko an kwance igiyar hannayen ba sa motsi, kuma kunu sai an ɗura. Badamasi kuwa fuskarsa ta washe. Na ji shi a ƙofar gida yana ce wa abokansa, "Alhamdu lillahi, Inna ta samu natsuwa. Ko tari ba ka ji."

Da lokacin komawa asibiti ya yi, shi da kansa ya ɗauko mota. Yana ɗokin a ɗinke ramin, don ya san burin uwarsa ke nan. Fauziyya ta roƙe shi in bi su saboda ba za ta iya ɗaga ta ita kaɗai ba, ya yarda yana ɗaure fuska. Da aka buɗe ɗakin takin warin ya buge ni har na ja da baya. Na ɗauki Gwaggo Kande ni kaɗai, ba ta fi nauyin yarinya ba. Idonta a buɗe yake. Na ce, "Gwaggo, Hawwa'u ce, mai gudaji." Ba ta dube ni ba.

A Dutsin-Ma Sista Na'ima ce ta tarbe mu. Ta taho da fara'arta tana cewa ina mai zagin makaɗa, sai ta ga abin da ke kan gadon, fara'ar ta ɗauke. Ta ɗaga hannun Gwaggo ta ga sawun igiya ya ci fata har ya yi ruwa. Ta juya ta ta ga gyambon kwanciya a baya. Ta buɗe cikin ta ga gefen ramin. Ta fita da sauri ta kira likita, ta dawo da 'yar rediyonta, ta durƙusa a ƙasa ta sa kiɗan nan dai na ranar farko a kusa da kunnenta.

Badamasi ya yunƙura zai hana, sai kuma ya tsaya yana kallo.

Ƙwarya ta yi ta bugawa. Ni idona na kan yatsun Gwaggo, ina roƙon Allah ko ɗaya ya motsa. Sista ta ƙara sauti. Ta kama waƙar gero da bakinta, don ta riƙe ta tun wancan zaman. Gwaggo Kande tana kallon silin. Kiɗan ya ƙare, wani ya shiga, shi ma ya ƙare. Sista ta kashe rediyon ta kifa kanta a gefen katifa.

Likita ya gama dubawa ya kira Badamasi gefe, amma muna ji. Ya ce ba zai iya yi mata aiki ba. Jikin ba zai ɗauki allurar barci ba, jini ya yi ƙasa, ƙwayar cuta ta shiga gyambon. Za a kwantar da ita a gwada abin da za a iya, amma kada ya sa rai da yawa, kuma ko jikin ya farfaɗo ba lalle hankalin ya dawo ba. Ya tambaye shi me aka yi mata a gida, tun da lafiya lau ta bar nan.

Badamasi ya ce an yi mata maganin gida ne. Ya dawo wurin gadon idonsa ya yi ja, na ɗauka yanzu ne zai gane. Ya dubi uwarsa, ya dubi rediyon da ke hannun Sista, sannan ya juyo gare ni. Wallahi babu izgili a muryarsa, da zuciya ɗaya ya faɗa.

"Yaya Hawwa'u, kin gani da idonki ko? An sa mata har kunne, ko gezau. Sun fita. Ko yanzu Allah Ya ɗauke ta, ta tahi da tsarki."

Na sunkuya na ja zane na rufe sawun igiyar da ke hannunta.

Ba ta yi mako a asibiti ba ta rasu, ranar wata Juma'a da hantsi. Mutane suka ce ta yi sa'ar rana. Aka kawo ta Kurfi, aka ce ni da wasu dattijai mata biyu mu yi mata wanka. Da muka zo cire zane na roƙe su su juya baya. Suka dube ni, suka juya. Na ɓamɓare jakar a hankali, ko da yake yanzu ba abin da zai yi mata zafi.

Daga zaure muryoyin maza na shigowa. Malam Ɗayyabu na cikinsu, ana ta yi masa sannu da ƙoƙari, wani har yana tambayarsa ko zai duba masa surukarsa da aka yi wa aikin ƙugu, ita ma ta fara surutai da yamma. Badamasi yana karɓar gaisuwa yana cewa ya gode wa Allah da bai biye wa masu cewa a bar ta da kiɗa ba, ya sauke haƙƙin uwa.

Ni kuwa ina ciki, ina yagar gefen tsohon zanenta, ina neman abin da zan toshe ramin da shi kafin a kawo likkafani.